Ɗigon da Kibod ɗin Baba Ya Haɗiye

Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gidanki. Yaya ƙafar taki? Umma ta ce likita ya hana ki hawa bene, ke kuma kin ce masa sai dai ya zo ya sauko miki da ɗakinki ƙasa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce, Ya bar mana ke. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. Tarin Umma ya lafa, Yaya ya koma sabon wurin aikinsa, matarsa kuma ta yi nauyi sosai, yau ko gobe muke jira.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali kowane mako muna waya. Sau uku ina kiran ki da niyyar in faɗa miki abin da ke cikin takardar nan, to amma da kin ɗaga sai ki fara sa min albarka, ki ce ni ce 'yar da ta tsaya wa ubanta, sai bakina ya mutu, mu ƙare da hirar ƙafa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tun da takarda ba za ta katse ni da albarka ba.

Abin da kika sani shi ne an sallami Baba daga aikinsa na asibiti wata biyu da suka wuce, saura shekara ɗaya da wata biyu ya yi ritaya, saboda kuskure a takardar da ake liƙawa jikin kwalbar magani. Likita ya rubuta mil biyu da ɗigo biyar, wato rabin ƙaramin cokali, takardar ta fito da mil ashirin da biyar, cokali biyar ke nan. Wani dattijo, tsohon direba mai ciwon zuciya, ya sha haka kwana uku a gida, aka dawo da shi asibiti, ya yi kwana tara ya rasu. Likitoci sun ce dama zuciyar ta gaji, ba za su iya rantsewa maganin ne ba, kuma ba za su iya rantsewa ba shi ba ne. Baba ya tsaya gaban kwamiti ya ce shi ya buga, laifinsa ne. Duk wannan gaskiya ne, Gwaggo, amma rabi ne. Sauran rabin yana hannuna.

Kin tuna bara da hannuwansa suka matsa masa. Shekara ashirin da shida yana zaune a ɗan ɗakin nan mai tagar gilas a sashen magani, yana karanta rubutun likitoci yana shigar da shi kwamfuta, har gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura, ƙananan biyun na dama suka daina miƙewa. Da safe sai Umma ta ɗora masa ruwan ɗumi ya tsoma kafin ya iya ɓalle maɓallin riga. Ni kuma a shagon gyaran kwamfutar da nake aiki na daɗe ina haɗa kibod da hannuna, wato allon nan mai maɓallai da ake buga rubutu a kai. Sai na ce bari in yi masa nasa. Na yi shi gida biyu, ɗaya na hannun dama ɗaya na hagu, da waya a tsakani, don kada ya riƙa lanƙwasa wuyan hannu. Na sa masa maɓallai masu laushi, guda arba'in da biyu kacal, kowane na liƙa shi da dalma ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya kai shi ofis abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa wai an raba masa kibod kamar gado. Shi ko a jikinsa, duk wanda ya leƙo sai ya ce masa Auta ce ta ƙera.

Dole in ɗan yi miki bayanin yadda abin yake, ki yi haƙuri da ni. Irin wannan kibod yana da 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa, kuma bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa a wani fayil na saiti. Fayil ɗin rubutu ne layi-layi, kowane layi yana cewa maɓalli kaza aikinsa kaza. In an gama rubutawa sai a jona waya a ɗura masa. Da yake maɓallan kaɗan ne, wasu nakan ba su aiki biyu. Ɗigo a kibod na kowa yana ƙarƙashin yatsan da ya fi yi wa Baba ciwo, sai na ɗauke shi na kai ƙarƙashin babban yatsa, na haɗa shi da maɓallin manyan haruffa. In ka taɓa ka ɗaga, ɗigo ya fito. In ka danne ka riƙe, sai ya ɗauka babban harafi kake so, ya jira harafin, in kuma ka ɗaga ba ka buga komai ba, shi ma ba ya rubuta komai. Abin da ke raba taɓawa da riƙewa lamba ce guda a layi guda cikin fayil ɗin, ana auna ta da kashi dubu na daƙiƙa. Wata Asabar muka zauna da Baba tun bayan azahar, yana bugawa ina gwadawa, har muka tsaya a ɗari biyu da sittin, don yatsansa ba ya ɗagowa da sauri. Nawa kibod ɗin ɗari da arba'in na sa masa, ni da hannuna ba ya zama.

Wata takwas ya yi da shi lafiya lau. Sai wata rana ya ce yana so in ƙara masa haruffa masu lanƙwasa, su ɓ da ɗ da ƙ, don yana jin nauyin ya rubuta sunan mutum ba daidai ba. Ya aiko min da kibod ɗin shago. Ranar cike muke, mutum uku suna tsaye a kaina, ni kuma na san na riga na yi wannan aikin a nawa fayil ɗin. Maimakon in rubuta masa layukan sabo, sai na kwafo sashen gaba ɗaya daga nawa na zuba a nasa. Lambata ta biyo, ta hau kan tasa. Na ɗura, na gwada da yatsuna, komai ya fito, na nannaɗe na ba shi da yamma. Minti goma bai kai ba, kuma har na ji daɗin kaina.

Daga ranar, duk safiyar da yatsansa ya kumbura ya yi jinkirin ɗagowa, sai kibod ɗin ya haɗiye ɗigon. Ba ƙara, ba alama. Kin kuma san ɗan'uwanki, tun zamanin tafireta ya koyi bugu, idonsa na kan takardar likita, sunan mara lafiya kawai yake ɗaga kai ya duba.

Ban gane ba sai bayan an sallame shi da mako uku. Ya dawo da kibod ɗin gida a leda ya ajiye kan firij. Da kika matsa masa ya rubuta takardar neman a sake duba maganarsa, ya sauko da shi wata Lahadi da hantsi, ya jona a tsohuwar kwamfutata. Ya buga sakin layi biyu ya ce in zo in karanta masa. Sai na ga jimloli uku sun ƙare ba ɗigo. Na ce Baba ka manta ɗigo. Ya ce ai ya sa. Ya sake dannawa ina kallon yatsansa, ya danna a hankali ya ɗaga a hankali, babu abin da ya fito. Ya yi 'yar dariya ya ce to ga shi nan, tsufa ya zo har gida. Ni kuwa nan take na miƙe. Na shiga ɗaki na buɗe fayil ɗinsa, na gangara layi na sittin da ɗaya, na tarar da ɗari da arba'in.

Kwana goma sha ɗaya na yi ban faɗa wa kowa ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar rubuta miki. Ina zuwa shago ina dawowa, ina zuba masa abinci, ina jin sa yana gaya wa masu zuwa jaje cewa idan mutum ya tsufa ya kamata ya san lokacin tashi. Na yi ta ce wa kaina ai aikin ya riga ya tafi, mamaci ba zai dawo ba, faɗar me za ta ƙara in ba ɓacin rai ba. Har na gyara lambar a ɓoye, na ɗura, na mayar da kibod ɗin kan firij yadda yake. Da na sauko daga kan kujerar da na taka sai na ga abin da na yi ke nan: na share sawuna. Ranar ban iya cin komai ba. Umma ta ɗauka zazzaɓi ne.

Washegari da safe, bayan ya gama shayi, na ɗauko kwamfuta na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na faɗa masa duka, har da kwanakin da na yi shiru, har da gyaran da na yi a ɓoye. Bai katse ni ba. Ya sa tabarau ya ce in nuna masa layin. Na buɗe tsohon fayil ɗin na nuna. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko waɗannan lambobi ukun ne ke nan, na ce su ne. Na zaci zai yi faɗa, ko ya tashi ya bar min wurin. Sai ya tambaye ni wace rana na yi canjin. Na duba na faɗa. Ya ƙirga da yatsu, ya ce wata huɗu ke nan yana aiki da shi a haka, kuma a rana yakan buga takarda fiye da ɗari, to su sauran fa? Gwaggo, kwana goma sha ɗaya ina juya abin nan a raina, ban taɓa tunanin sauran ba. Kaina kawai nake tunani. Ya ce in ɗauko mayafina, ya shiga ya sa rigar da yake zuwa aiki da ita.

Shugabar sashen, wadda Baba ne ya koya mata aiki tana sabuwar zuwa, ba ta so ganinmu ba. Ta ce an rufe maganar. Baba ya ce shi bai zo neman kujerarsa ba, ya zo ne a buɗe takardun wata huɗu a duba duk inda likita ya rubuta ɗigo. Ta ce ya san wannan zai ƙara masa laifi, don ba a yarda kowa ya jona kayansa a kwamfutar asibiti ba, ita ma da ta gani ta kawar da kai za a tambaye ta. Ya ce ya sani, ta yi haƙuri. Sai ta ɗauki waya ta kira ɗakin ajiyar takardu. Kwana huɗu aka yi ana haɗa takardun likitoci da abin da ke kwamfuta. Ba a bar mu mun taɓa ba, a benci muke zama a baranda daga safe har a tashi.

An sami bakwai ban da na direban. Biyar daga ciki mai haɗa magani, wanda suke kira Dogo, ya gani tun a lokacin ya gyara da biro bai gaya wa kowa ba. Ya fito baranda ya durƙusa gaban Baba ya ce shi ya ɗauka ido ne ya fara gazawa, ya ji tausayin dattijo mai shirin ritaya, ya ce bari ya riƙa rufa masa asiri. Ranar ta direba kuwa ba ya nan, yana hutu. Baba ya yi masa godiya ya ɗaga shi. Amma da muka fito tashar bas ya zauna, motarmu ta zo ta wuce har sau biyu bai motsa ba. Daga baya ya ce min, da Dogo ya tsinka shi gaban mutane tun ranar farko, da ya fi masa wannan tausayin.

Biyu sun fita da kuskuren. Ɗaya an same shi a waya, ya ce 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ga abin bai yi kama ba ta hana shi. Ɗayar wata mata ce da aka rubuta wa rabin ƙwaya, wato sifiri da ɗigo biyar, takarda ta fito da biyar, kuma irin maganin nan ne da ba a sha sai ciwon ya taso. Wayarta a kashe, adireshin sunan layi ne kawai ba lambar gida. Asibiti suka aika masinja sau ɗaya ya dawo ya ce babu mai wannan suna. Baba ya kwafi sunan a bayan katin bas. Kwana shida muna fita da safe, na ɗauki hutu a shago. Mun tambayi mai kanti, mun tambayi mai aski, mun hau benaye muna ƙwanƙwasa ƙofofi, wasu su buɗe da sarƙa a jiki su ce ba su san ta ba. A rana ta shida wani mai wanki da guga ya ce ta tashi, ta koma wurin ɗanta mai facin taya a tsallaken titin jirgi. Muka same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsefe wa jikarta kai. Kwalbar na kan taga, ko murfin ba a fasa ba, ciwon bai taso ba tun da ta koma. Baba ya karɓa, ya soke lambar da bironsa, ya rubuta rabi da haruffa manya, ya sa ɗan ya karanta da ƙarfi sau biyu, ya ce gobe su kai asibiti a canja takardar. Matar tana ta yi mana godiya tana cewa ba ta taɓa ganin asibitin da ke bin mutum har gida ba. Muka yi mata sallama muka tafi.

Kwamiti ya sake zama makon jiya. Sallamar tana nan, an kuma ƙara layi a takardarsa cewa ya shigo da na'urar da ba a amince da ita ba. Shugabar sashen an ba ta gargaɗi, Dogo an dakatar da shi wata guda. Baba ya so a rubuta cewa shi ya sa aka yi masa kibod ɗin, a tsaya nan. Na ce a'a, na rubuta bayanina da hannuna na sa suna na miƙa. Suka karɓa suka sa a fayil, suka ce ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, babu abin da za su yi min. Haka na fito, kowa an taɓa shi sai ni.

Shekaranjiya muka je gidan direban. Baba ya taɓa zuwa gaisuwa tun farko ba a bar shi ya shiga ba. Wannan karon matar ta ce mu shigo. Ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na uku, takalman mamacin har yanzu suna jere a bakin ƙofa. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na ce ni ce. Ban san ko ta fahimci zancen fayil da lamba ba, ba ta dai tambaya ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko takardar da gaske ashirin da biyar ta ce. Muka ce haka ta ce. Ta ce ita karatunta ba nisa, tun ranar take zargin ko ita ta karanta ba daidai ba, kuma dangin mijin ma wasu haka suke gani ko da asibiti ya yi bayani. Ta ce tun cokali na uku hannunta ya tsaya, ta ce wa mijin anya wannan bai yi yawa ba, shi kuma ya ce ta bi abin da aka rubuta, su can sun fi su sani. Cokali biyar, kwana uku, da hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma zage mu ba. Da muka miƙe sai ta shiga ciki ta fito da kwalbar, da sauran magani a gindinta da takardar a jiki. Ta ce ta kasa zubarwa, ta kuma kasa kallonta. Ta wuce Baba ta miƙo min, ta ce in tafi da ita, tawa ce. Na karɓa da hannu biyu. Tana cikin jakata, ban san inda zan ajiye ta ba.

To Gwaggo, kin ji. Roƙona biyu ne. Ki daina matsa masa a kan ɗaukaka ƙara, ya ce ba zai yi ba, ya ce ko da wane kibod ne aikinsa ne ya ɗaga kai ya duba, ni kuma na ce aikina ne in gwada da hannunsa kafin in ba shi, mun bar gardamar a nan don babu mai cin ta. Na biyu, ki riƙa kiransa ko ba magana. Da ni yana magana, bai canja min fuska ba, amma ya rame, yakan zauna a baranda hannuwansa a cinya har rana ta juya. Ke kaɗai ce kike sa shi ya yi musu, ko a kan wa ya fasa tulun kakarku ne. Ni kuwa duk abin da kika ga ya dace ki faɗa min, ki faɗa, kada ki tausaya min.

Umma tana gaishe ki sosai, ta san komai, ita ta ce in rubuto. Yaya da matarsa suna gaisuwa. Ki gaishe min da Baban Yara, Allah Ya ƙara masa lafiya, da Babbar Yaya da maigidanta, da Tagwaye, da Inna Ƙarama in ta zo. Ki sa Baba a addu'a, da matar nan, da mijinta, Allah Ya ji ƙansa. In da saura, ki sa ni.

Wassalam.

'Yarki,
Auta